Filin Tambaya da Amsa: Biyayya ga Allah a Rayuwar Mai Bi

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo a kan biyayya suke. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su, mun cire sunaye kamar yadda muka saba. Inda muka kawo aya, ma'anarta muka bayar da kalmominmu, sai mai karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba da kansa.

Malamai, sannunku da aiki. An koya mana cewa ta wurin alheri muka sami ceto, ba ta wurin ayyuka ba. To in haka ne, me ya sa ake ta yi mana wa'azin biyayya? Ba komawa ƙarƙashin Shari'a ke nan ba?
Daga wani matashi

Ɗanmu, ka lura da abin da ya zo da fari da abin da ya biyo baya. Isra'ilawa sun fita daga Masar, sun ƙetare teku, sai a wata na uku suka isa Sinai aka ba su Dokoki Goma. Kafin ma doka ta farko, Allah ya tuna musu cewa shi ne ya fito da su daga gidan bauta (Fitowa 20:2). Ba a ce musu su kiyaye doka domin a 'yantar da su ba. 'Yantattu ne aka ba su doka.

Wurin da ka dogara a kai, Afisawa 2:8-9, kada ka tsaya a aya ta 9. Aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mu yi. Masu ganin kamar Bulus da Yakubu, marubutan wasiƙu a Sabon Alkawari, sun saɓa wa juna a kan bangaskiya da ayyuka, sau da yawa ba su duba lokacin da kowannensu yake magana a kai ba. Bulus yana nuna Farawa 15:6, ranar da Ibrahim ya gaskata aka lasafta masa adalci. Yakubu yana nuna Farawa 22, ranar da ya kai Ishaku dutse. Tsakanin biyun akwai shekaru masu yawa: an haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86, Ishaku kuma yana da 100, alkawarin sura ta 15 kuwa ya riga haihuwar Isma'ilu. Bangaskiyar da aka karɓa tun farko ita ce ta bayyana a kan dutsen.

Harshenmu ma ya taimake mu a nan. Idan aka ce yaro ba ya ji, ba kurma ake nufi ba. Haka kalmar take a Ibrananci: ji da biyayya kalma ɗaya ce. Wanda ya ce ya ji bishara amma babu abin da ya sauya a hannunsa da bakinsa da aljihunsa, sai a tambaye shi ko ya ji ɗin. Yesu ya sa abin a kan ƙauna (Yahaya 14:15): in kuna ƙaunata, za ku kiyaye umarnaina.

Na karanta labarin Saul da Amalekawa, raina bai kwanta ba. Mutumin ya je yaƙin, ya ci nasara, dabbobin da ya rage kuma hadaya ya ce zai yi da su. A ƙwace masa sarauta a kan wannan? Ni ma nakan yi yawancin abin da na sani daidai ne, ba duka ba. Shin Allah ba ya duba ƙoƙari?
Daga wata 'yar'uwa

'Yar'uwa, mu bi 1 Sama'ila 15 a hankali, domin abin da ya kayar da Saul a bakinsa yake fiye da a garkensa.

Da farko, abin da ya rage ba ragowar da ta kuɓuce masa ba ce. Aya ta 9 ta ce an bar Agag sarki da mafi kyau na tumaki da shanu, aka hallaka marasa amfani. Wato ya yi biyayya a inda biyayyar ba ta ci masa komai ba, ya tsaya a daidai inda za ta taɓa shi. Sannan ya wuce Karmel ya kafa wa kansa dutsen tunawa. Da Sama'ila ya iso, Saul ne ya riga shi magana, ya ce ya cika umarnin Ubangiji. Annabin ya tambaye shi: to wannan kukan tumaki da nake ji fa? Nan da nan magana ta juya, ya ce jama'a ne suka kawo su. Aka matsa, ya ce ai don hadaya ne. Sai a aya ta 24 gaskiya ta fito: ya ji tsoron mutane, ya bi maganarsu. Ko a lokacin, roƙonsa shi ne a girmama shi a gaban dattawa (aya ta 30). Laifi, sai musu, sai ɗora wa wasu, sai sa wa abin rigar ibada, sai tuban da ya fi damuwa da idon jama'a.

Abin da muke so ki riƙe shi ne musanya. Saul bai ce wa Allah a'a ba. Wani abu dabam ya miƙa a madadin abin da aka nema. Wannan ne ya sa Sama'ila ya ce biyayya ta fi hadaya. Kuma wannan ciwo ya fi kama masu ibada fiye da marasa ibada. Mutum ya san akwai wanda ya kamata ya je ya nemi gafararsa, sai ya ƙara kwanakin azumi. Ya san kuɗin wani yana hannunsa, sai ya ƙara baiko. Ya san akwai hulɗar da ta kamata a yanke, sai ya shiga ƙungiyar mawaƙa. Duk abubuwa ne masu kyau, amma ba su aka tambaya ba. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Matiyu 5:23-24: ka bar baikon a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna.

Irin wannan ya faru ko da niyyar kirki. Dawuda ya ɗora akwatin alkawari a kan sabuwar keken shanu, ana kiɗa ana murna, shanu suka yi tuntuɓe, Uzza ya kai hannu ya mutu (2 Sama'ila 6). Umarnin kuwa yana nan tun a Littafin Ƙidaya 4:15 da 7:9: 'ya'yan Kohat ne za su ɗauka a kafaɗa, ba kuma a taɓa shi. Keke dabarar Filistiyawa ce aka ara. Daga baya Dawuda da kansa ya amsa cewa ba su nemi Ubangiji bisa ga ka'ida ba (1 Tarihi 15:13).

Amma kada ki haɗa kanki da Saul da gaggawa. Akwai bambanci tsakanin mai faɗuwa yana kokawa da mai zaɓen abin da zai bi. Ga gwaji: ki rubuta abin da kika san Allah ya ce ba ki yi ba. In abubuwan warwatse suke, yau wannan gobe wancan, rauni ne, kowa yana da shi. In kuwa abu ɗaya ne yake nan shekara da shekaru, kina da hujja a shirye a kansa, kuma ranki yana ɓaci in an taɓo shi a wa'azi, to ga Agag ɗinki nan.

Maigidana a wurin aiki yakan sa in canza lissafi a takardu. Da na yi magana da mahaifina, ya ce in yi shiru in riƙe aikina, bin na gaba bin Allah ne. Romawa 13 ma ta ce a yi biyayya ga mahukunta. Ina tsakiya.
Daga wani ma'aikaci

Ɗan'uwa, karin maganar Baba gaskiya ce har zuwa wani wuri. Romawa 13:1-7 da 1 Bitrus 2:13-17 sun umarce mu da biyayya ga masu mulki, da biyan haraji, da ba kowa girmansa, kuma an rubuta su ne a ƙarƙashin mulkin Roma, ba ƙarƙashin sarakuna masu bi ba. Saboda haka mai bi ba shi da izinin ƙin umarni don kawai bai yi masa daɗi ba, ko don yana ganin ya fi shugabansa sani. Iyakar ita ce wannan: idan na gaba ya umarci abin da Allah ya hana, ko ya hana abin da Allah ya umarta. Ungozomai Shifra da Fu'a sun ƙi kashe jarirai (Fitowa 1). Shadrak, Meshak da Abednego sun ƙi sujada ga gunki. Daniyel ya ci gaba da addu'a sau uku a rana duk da dokar kwana 30. Manzanni suka ce wa majalisa dole ne su yi wa Allah biyayya fiye da mutane (Ayyukan Manzanni 5:29). Rubuta ƙarya a takarda shaidar zur ce, in kuma akwai wanda ake cuta, sata ce. Ba ta cikin abubuwan da ake shakka.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne yadda ake ƙin. Daniyel sura ta 1, inda ya ƙi cin abincin sarki, ta nuna hanya.

Ka yanke shawara a zuciyarka tun kafin a sake kawo takardar (1:8). Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai biro yana hannunsa, maigida yana tsaye a kansa, zai sa hannu.

Ka tabbatar abin da gaske ƙarya ne. Wani lokaci gyara ne halal wanda ba ka fahimta ba. Ka tambaya: wannan adadi daga ina ya fito? Tambaya kaɗai takan sa mai shirin cuta ya ja da baya.

Ka yi magana da shi kai da shi, cikin ladabi. Daniyel roƙo ya yi, bai yi wa'azi ba. Ka ce, ranka ya daɗe, wannan ba zan iya sa hannu a kai ba, amma duk wani aiki da ka ba ni zan yi. Kada ka kira shi ɓarawo, kada ka tara masa jama'a. Da yawa suna shan wahala saboda rashin kunyarsu, su ɗauka saboda Almasihu ne.

Ka kawo wata mafita in akwai. Da shugaban fadawa ya ji tsoro, Daniyel ya nemi a gwada su kwana goma. Kai ma kana iya cewa za ka rubuta lissafin gaskiya tare da bayanin abin da ya jawo giɓin.

Ka ajiye shaidar abin da ka rubuta da ranar da aka umarce ka, kuma in wurin yana da hanyar kai ƙara ta doka, bin ta ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan Roma (Ayyukan Manzanni 16:37, 22:25), ya kuma ɗaukaka ƙara gaban Kaisar (25:11).

Daga nan ka shirya wa abin da zai biyo baya. Samarin nan uku sun ce Allah yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna ba (Daniyel 3:17-18). Ba za mu yi maka alkawarin aikin zai tsira ba. Ka sanar da dattawan ikkilisiyarka tun yanzu, domin in ka rasa aiki saboda gaskiya, nauyinka yana wuyansu.

Game da Baba: tsoro ne ya sa shi faɗar haka, tsoron kuma daga ƙauna ya fito. Afisawa 6:1 ta ce a yi wa iyaye biyayya cikin Ubangiji. Girmamawa ba ta da ranar ƙarewa, amma ba ta kai ga yin zunubi ba. Ka zauna da shi, ka nuna masa ka ji damuwarsa, ka gaya masa yadda ka shirya riƙe gida in abin ya ɓaci.

Wani bawan Allah ya ce Ubangiji ya nuna masa in bar wanda zan aura, in kuma kawo wata sadaka ta musamman, in ba haka ba na yi wa Allah tawaye. Ina tsoro.
Daga wata budurwa

'Yarmu, ki karanta 1 Sarakuna 13. Allah ya aiki wani annabi daga Yahuza zuwa Betel, ya ce kada ya ci, kada ya sha, kada ya koma ta hanyar da ya zo. Sarki Yerobowam ya gayyace shi da alkawarin kyauta, ya ƙi. Sai wani tsohon annabi ya bi shi ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya ce a komo da shi ya ci abinci. Nassin ya faɗa a fili cewa ƙarya ya yi masa. Ya koma ya ci, zaki ya kashe shi a hanya. Wanda sarki ya kasa, abokin aiki ya kayar da shi da kalmomi uku: Allah ya ce.

Biyayya ga Allah da biyayya ga mai cewa Allah ya ce ba abu ɗaya ba ne. An umarce ki ki gwada (1 Yahaya 4:1, 1 Tasalonikawa 5:20-21), an kuma yaba wa mutanen Biriya don sun riƙa auna maganar Bulus kansa da Nassi kowace rana. Ki tambayi abu huɗu. Saƙon ya yi daidai da abin da aka riga aka rubuta? Wa zai amfana in kin bi? Yana yarda a kai maganar gaban wasu dattawa, ko cewa yake kada ki gaya wa kowa? Da hujja yake jan ki ko da barazana? Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman, Gehazi da ya bi ya karɓa kuturta ya samu. Saƙon da ya zo da farashi da tsoratarwa, mu kam ba mu ga kamarsa a bakin manzanni ba.

Maganar aure kuwa a auna ta da abin da yake a fili: mai bi ne, halinsa fa, me iyaye da shugabannin ikkilisiya suka gani? In akwai aibi na gaske, a faɗe shi da suna. Kada ki ba da kuɗin.

Dokokin Tsohon Alkawari na abinci da hadayu suna kanmu?
Daga wani sabon mai bi

Ɗan'uwa, a'a. Hadayu sun cika a cikin Almasihu (Ibraniyawa 10), Markus 7:19 ta warware maganar abinci, taron Urushalima kuma bai ɗora wa al'ummai kaciya ba (Ayyukan Manzanni 15). Dokokin hali, irin su kisa, zina, sata, ƙarya da ƙyashi, Sabon Alkawari ya maimaita su, ya ma kai su har zuciya (Matiyu 5). A kan abin da masu bi suka bambanta, Romawa 14 ta ce kada ka raina, kada ka hukunta.

Na ƙi cin hanci, na riƙe gaskiya, amma waɗanda suka ci sun wuce ni. Ina albarkar Maimaitawar Shari'a 28?
Daga wani magidanci

Ɗan'uwa, Asaf ya riga ka wannan kuka a Zabura 73, har ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame. Ba laifi ba ne a faɗe shi.

Sura ta 28 sharuɗɗan alkawari ne da aka ƙulla da Isra'ila a matsayin al'umma, game da ƙasar da za su shiga: ruwan sama, amfanin gona, nasara a kan abokan gaba. Mai ɗauko ta ya mai da ita takardar biyan albashi ga kowane mutum ɗaya, zai ƙare da ɗayan biyu, girman kai in ya samu ko ɗacin rai in ya rasa. Kuskuren abokan Ayuba ke nan, Allah kuwa ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Yusufu ya gudu daga matar Fotifar, ladan da ya fara gani kurkuku ne. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shi ya ga ƙarshen wahalarsa. Irmiya kuwa rijiya mai laka aka jefa shi, Yahaya Maibaftisma aka fille masa kai. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakoki da waɗanda aka tsaga da zarto a layi ɗaya, duka ta wurin bangaskiya. Ɗan Allah kansa ta wurin shan wuya ya koyi biyayya (5:8). Sau da yawa gaskiya takan kawo amana da kwanciyar rai tun a nan, Karin Magana cike take da wannan, amma ba a ba mu ranar biya ba. Abin da aka tabbatar maka shi ne Allah ya gani, kuma zai sāka.

Shekaru da suka wuce na san abin da Allah yake so, na ƙi. Na cuci wani a kan dukiya, yanzu ba ni da salama. Lokaci bai wuce ba?
Daga wani dattijo

Baba, muddin kana da rai ƙofar tuba a buɗe take (1 Yahaya 1:9). Yunusa ya nufi Tarshish, amma maganar Ubangiji ta sake zuwa masa karo na biyu. Bitrus ya yi musu sau uku, aka tambaye shi sau uku, aka mayar masa da aikinsa.

Sai dai a rarrabe gafara da damar da ta wuce. A Littafin Ƙidaya 14, jama'a sun ƙi shiga Kan'ana, aka yanke musu shekara 40. Washegari suka ce yanzu za su hau. Musa ya hana su, akwatin alkawari bai bar zango ba, suka tafi aka fatattake su har Horma. Umarnin jiya suka je cikawa alhali na yau ya ce su juya. Don haka kada ka tsaya kukan abin da ba zai dawo ba. Tambayar ita ce me ake nema a wurinka yau.

A kan dukiya, amsar tana da lissafi. Littafin Firistoci 6:1-7 ya ce a mayar da abin cif, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, a ba mai shi, sannan a kawo hadaya. Wato in abin ɗari ne, ɗari da ashirin za a mayar. Wannan adadi ba doka ba ce a kanmu yanzu, Zakka ma ninki huɗu ya yi alkawari don ransa, amma ya koya mana cewa ba a mayar da ƙasa da abin da aka ɗauka, kuma a tuna da asarar da mutumin ya yi cikin shekarun.

Ka furta wa Allah laifin da sunansa, ba tare da kawo uzuri ba, kamar yadda Dawuda ya amsa wa Natan da jimla ɗaya. Ka zauna ka lissafa abin da darajarsa ta yau. Ka nemi dattijo ɗaya mai riƙon asiri ya raka ka. In ka je, ka faɗi abin da ka yi, kada ka haɗa da nasa laifin, kada kuma ka tilasta masa ya yafe nan take. In ba ka iya biya gaba ɗaya, ku rubuta nawa za ka riƙa kawowa da kuma yaushe, ka biya kashin farko a ranar. In mutumin ya rasu, magadansa ne masu haƙƙi. Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce sai in babu dangi ko ɗaya ne abin yake komawa ga Ubangiji, saboda haka ba a tsallake magada a kai kuɗin ikkilisiya. In kuma al'amarin ya shafi takardun mallaka ko shari'a, ka nemi lauya ya rubuta mayarwar yadda ba za ta zama rigima tsakanin 'ya'yanka da nasa ba.